Guntun Alli

Clorinda, yau ma ruwa ake yi a Ancud,
irin namu, marar tsawa, marar gaggawa,
mai zuwa kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Na zazzage aljihun tsohuwar rigar sanyina,
sai ga guntun alli, bai kai gaɓar yatsa ba.
Shekara sittin da 'yan kai.
Asu ya ci ulun, ya bar allin.

Kin tuna ranar da jirgin dankali ya sauke mu?
Ke da akwatin katako ɗaure da igiyar masunta,
ni da takalman yayata, cushe da jarida don su zauna.
Shekarunmu sha huɗu.
Aka ce za a mai da mu malamai,
mu da ko bene ba mu taɓa hawa ba.

Ƙarfe shida ƙararrawa, ruwan wanka kamar reza.
Malama Eduvigis a bakin ƙofa tana duba farce,
tana duba wuya da bayan kunne,
wai ba a koyar da abin da ba a yi.
Ita ta nuna mana tsayuwa a gaban allo:
kada ki ba yara baya gaba ɗaya,
rabinki na allo, rabinki nasu.
Har yau haka nake tsayuwa,
ko a layin karɓar fansho.

Dole kowacce ta iya goge kafin a ba ta takarda.
Mu talatin, goge huɗu.
Karnukan unguwa sun ga ta kansu.

Ƙwarangwal ɗin ɗakin kimiyya fa,
wanda muka raɗa wa Don Baldomero?
Daren da sanyi ya shiga ɓargo
kika naɗa masa gyalenki,
kika ce ba shi da nama, ya fi mu buƙata.
Mako biyu kina kwashe tokar murhu,
toka har gira, dariya ba ta bar ki ba.
A tokar nan muka riƙa binne dankali,
mu tono shi bayan an kashe fitila,
muna karanta wasiƙun saurayin Rosalba,
muna gyara masa kurakurai da jan fensir.
Ta aure shi duk da haka.

Ranar da aka fara tura ni gaban yara
harshena ya manne a ganɗa.
Wani ɗan mitsitsi, Nicanor, ƙafa ba takalmi,
ya ɗaga hannu ya ce,
Malama, allin ya karye a hannunki.
Ban san na matse shi ba.
Wannan ne guntun, ina jin.
Ko kuwa wani ne. Tsufa na ƙarya, amma da ladabi.

Daga nan aka watsa mu kamar iri,
ke wancan tsibiri, ni wannan,
kowacce da rajista da bargo ɗaya.
Shekarar da ƙasa ta girgiza,
teku ta ja da baya, ta dawo da fushi,
wasiƙarki ta yi wata uku a hanya.
Layi biyu kacal:
Makaranta ta tafi, yara suna nan.
Ina rubutu da gawayi a jikin ƙofar da ruwa ya kawo.

Ban zo jana'izarki ba, gwiwa ta hana.
An ce tsofaffi masu furfura sun cika cocin,
kowa na cewa ke kika kama masa hannu ya yi harafin farko.

Jikata ta ce in jefar da guntun nan.
Na gwada shi a bayan ƙofar kicin.
Yana kamawa, Clorinda.
Na rubuta sunanki a hankali,
da lanƙwasar da Malama Eduvigis ke so,
rabina ga ƙofa,
rabina ga ɗakin,
ko da wata za ta ɗaga hannu.